Yadda Ake Tayar da Agogunan Tablo Bayan An Canza wa Tsohuwar Mota Inji

A garejojin Maraɗi ba baƙon abu ba ne a ga Peugeot 504 bashe, ko 404, ko tsohuwar Land Cruiser, wadda jikinta na asali ne amma injin da ke cikinta na wata mota ce dabam. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, shi ya sa jikinta bai yi wuya a wannan yanki ba. Idan injinta ya gaji, sau da yawa ana ɗora mata na Toyota mai shan gazuwal, irin su 2L da 3L, waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano ko ta Kano. Inji yakan tashi, mota ta kama hanya, amma a bar tablo, wato allon agogunan da ke gaban direba, a mace, ko kuma, abin da ya fi wannan muni, allurai suna motsi alhali ƙarya suke faɗa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, direban da ba ya ganin zafin injinsa yana iya ƙona kulas, wato kan inji, tsakanin Maraɗi da Tasawa ba tare da ya ga alamar komai ba.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe kafin ka taɓa waya. Kowane agogo an ƙera shi ne tare da sondinsa, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a jikin inji don ya aika wa agogo labari, kamar tukunya da murfinta. Sondin Toyota ba ya magana da agogon Jaeger ko Veglia na Peugeot yadda ya kamata, ko da wayar ta shiga daidai. Yawancin aikin da ke ƙasa mayar wa kowane agogo abokinsa ne, sa'an nan a gwada shi da wani ma'auni na dabam wanda ba na motar ba.

Kayan aiki

Kana bukatar miltimita mai auna volt da om, da fitilar gwaji mai ƙwai na volt 12, da ƙarfen liƙa waya da dalma, da tef ko robar da ke tsukewa idan ta ji wuta, da wayoyi masu kauri iri biyu ko uku, da kawunan waya sababbi. Ka je wurin masu gyaran rediyo ka sayi ƴan rezistans, wato ƙananan abubuwan da ke rage gudun wuta waɗanda ake auna ƙarfinsu da om, na om 22, 33, 47, 100 da 220, ko kuma ka ciro maɓallin murɗawa na om 500 daga tsohon na'ura, domin da su za ka yi wa agogo kwaikwayon sondi. Ka tanadi butar shayi da kurfoti ko ƙaramin gas, da ma'aunin zafi, irin mai kama da bindiga da ake aunawa da shi daga nesa idan akwai, da agogon matsin mai na hannu wanda ake ɗaurawa kai tsaye a jikin inji, da wayar salula mai nuna gudu ta GPS, da tef na awon tsawo.

Abin da ya fi duk waɗannan daraja shi ne tsohon injin da aka cire. Kada a sayar da shi ga masu tsohon ƙarfe sai an kwance sondin zafi, da manon mai, wato maɓallin da ke kunna fitilar matsin mai, da kan kebur ɗin agogon gudu daga tsohon akwatin giya. Idan an riga an sayar, ka nemi irinsu a wurin masu kayan tsofaffin motoci a nan gari, ko a aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a tafi da lambar motar da shekararta, ba ta injin da aka ɗora ba.

1. Ka san wayoyin da ke hannunka

Ka cire kan batir na mas tukuna, wato wanda ke haɗe da ƙarfen jikin mota. Ka bi duk wayoyin da suka saura a rataye a ɗakin inji, ka ɗaura wa kowace tef ka rubuta sunanta. Motocin Turai da yawa suna bin lambobi iri ɗaya a jikin kayan wuta: 30 wutar batir ce kai tsaye, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 mas, 50 wayar sitata, 1 ɓangaren bobin (mai ba buji wuta) da ke zuwa delko (mai raba wutar ga buji), 61 ko D+ kuma fitilar caji. Idan ba ka san inda wata waya ta nufa ba, ka fito da tablo, ka sa miltimita a kan om, ka gwada daga kan wayar zuwa bayan agogunan har ka ga inda ta amsa. Kada ka dogara da launi, domin motar da ta kai wannan shekaru hannuwa da yawa sun ratsa ta.

A nan ne kuma za ka tabbatar da ƙarfin wutar sabon injin. Wasu Land Cruiser masu gazuwal volt 24 suke amfani da shi, to idan daga irinsu injin ya fito, sitata da altanato da bujin ɗumama inji duk na 24 ne, kuma tilas a canza su zuwa na 12 kafin a haɗa su da tablon 504, in ba haka ba wutar volt 24 tana iya ƙona ƙwayayen fitilu da agogunan.

2. Mas kafin komai

Inji yana zaune ne a kan roba, saboda haka ba ya samun mas mai kyau sai ta kebur mai kauri da ke haɗa shi da jikin mota. Wannan kebur shi ake yawan mantawa da shi bayan an ɗora inji, ko a ɗaura shi a kan fenti da tsatsa. Alamarsa sananniya ce: allurar zafi tana hawa da zarar an kunna manyan fitilu, fitilar mai tana ɗan haske ba dalili, wani lokaci kuma kebur ɗin totur ko na agogon gudu ya yi zafi har robarsa ta narke, saboda wutar sitata ta rasa hanya ta bi ta cikinsa.

Ka kankare wurin ɗaurin har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaura kebur mai kaurin na batir daga inji zuwa shasi, ka ƙara wata waya daga jikin mota zuwa bayan tablo. Sa'an nan ka mayar da batir, ka sa miltimita a kan volt, kai ɗaya a kan batir na mas, ɗaya a jikin inji, wani ya murɗa sitata. Idan ya nuna fiye da rabin volt, ɗaurin bai yi ba, ka sake. A ganina duk wanda ya tsallake wannan mataki ya fara canza sondi, kuɗinsa kawai yake zubarwa.

3. Gwada agogunan su kaɗai

Kafin ka zargi inji, ka tabbatar agogunan na da rai. Ka murɗa makulli, ka duba ko wuta tana isa bayan tablo, idan babu ka duba fiyus. Wasu tsofaffin tablo suna da ɗan akwatin daidaita wuta wanda ke ba agogon zafi da na tanki wuta ƙasa da ta batir, misali volt 10 a agogunan Smiths na Ingila. Idan agogunan biyu sun mutu tare, ko suna nuna sama tare, shi ne abin zargi na farko.

Ka ɗauki wayar sondin zafi, ka haɗa ta da mas ta cikin rezistans na om 100, ka lura da inda allura ta tsaya, ka sake da 47, da 33, da 22, kana rubutawa. Ka ba allurar lokaci, domin tsofaffin agoguna masu aiki da ɗumin waya a hankali suke tashi. Abin da kake nema shi ne om nawa ne ke kai allura tsakiya, om nawa kuma ke kai ta bakin ja. Akwai masu manna wayar da mas kai tsaye don su ga ko allura za ta tashi. Gwajin yana aiki, amma na sakan biyu ne kawai, idan ya daɗe yana ƙona agogo.

4. Agogon zafi

Wannan shi ne agogon da ya cancanci a ɓata masa lokaci. Sondin zafi rezistans ne wanda om ɗinsa ke raguwa yayin da ruwa ke ƙara zafi, kuma kowane kamfani da nasa lissafin. Sondin VDO na digiri 120, alal misali, yana ba da kusan om 287 a digiri 40, ya sauko kusan 22 a digiri 120. Na wani kamfanin yana iya ba da ninkin wannan a zafi iri ɗaya, shi ya sa allura za ta kwanta a tsakiya alhali ruwa yana tafasa.

Ka gwada tsohon sondin a butar shayi. Ka rataya shi da waya yadda bakinsa kaɗai ke cikin ruwa, bai taɓa gindin buta ba, ka haɗa miltimita tsakanin kansa da jikinsa, ka rubuta om ɗin a digiri 60, da 80, da lokacin da ruwa ya tafasa. A tsayin ƙasar Maraɗi ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 99, saboda haka ko ba ka da ma'aunin zafi kana da wannan maki ɗaya tabbatacce. Ka kwatanta da abin da ka rubuta a mataki na uku. Sondin da ya dace shi ne wanda om ɗinsa a tafasasshen ruwa ke kai allura kusa da bakin ja.

Wurin ɗaura shi ma yana da muhimmanci. Ya zauna a kulas ko a gidan kalosta, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan ya yi zafi, ta ɓangaren inji, inda ruwa mafi zafi yake, kuma bakinsa ya nutse cikin ruwa sosai. Idan haƙoran murɗinsa ba su dace da ramin sabon injin ba, mai injin tona ƙarfe zai iya yanka maka adafta ta tagulla, amma ka ce masa ya yi ta gajeriya, domin doguwar adafta tana janye sondi daga ruwa ta bar shi a cikin iska, sai ya riƙa nuna sanyi. Idan babu rami ko kaɗan, ana yanka tiyon sama na lagireto a sa guntun bututun ƙarfe mai rami, sai dai a nan dole ka ja wa bututun wayar mas, tunda roba ce ta riƙe shi ta gefe biyu. Wannan hanya tana da aibi guda, wato ba ta nuna zafi sai kalosta ta buɗe, kuma idan kalosta ta maƙale a rufe allura ba za ta faɗa maka ba.

Sondi mai waya ɗaya ta haƙoransa yake samun mas, saboda haka kada ka naɗe shi da farin tef na masu famfo. Ka yi amfani da zoben tagulla ko ɗan man liƙi kaɗan. Idan sabon injin mai kwamfuta ne, za ka ga wani sondi mai waya biyu. Wannan na kwamfutar ne, kada ka jona agogo a kansa, domin zai rikita lissafin man da inji ke sha.

Idan tsohon sondin bai samu ba, ana iya gyara bambancin da rezistans: a jere da wayar idan allura tana nuna sama da gaskiya, ko tsakanin wayar da mas idan tana nuna ƙasa. Amma wannan dabara maki ɗaya kawai take gyarawa, to ka zaɓi makin tafasa, ka bar ƙasan ya yi kuskure. Idan bambancin ya yi yawa, gara ka sayi sabon agogo da sondinsa a kwali ɗaya ka ɗaura a ƙarƙashin tablo. Game da al'adar cire kalosta da sunan zafin ƙasarmu kuwa, ban goyi bayanta ba. Kalosta takan buɗe tsakanin digiri 82 da 88, kuma ita ce ke sa allura ta zauna wuri ɗaya, ta yadda ƙaramin motsi ma zai ja hankalin direba.

5. Fitilar mai da agogon matsinsa

Yawancin tsofaffin motoci fitila kawai suke da ita. Mano maɓalli ne da ke haɗa wayar da mas idan matsin mai ya faɗi ƙasa da wajen rabin bar (bar ma'aunin matsi ne), saboda haka manon sabon injin yakan yi aiki da tsohuwar fitila ba matsala. Ka manna wayar da jikin inji, makulli a buɗe. Idan fitila ta kama, hanya lafiya take, sai ka jona.

Inda ake ɓarna shi ne wajen haƙora. Ramin mai na injinan Toyota yawanci 1/8 BSPT ne mai haƙori 28 a inci, na Amurka 1/8 NPT ne mai 27, na Turai kuma sau da yawa M10 mai tazarar milimita ɗaya. A ido duk ɗaya suke, kuma kowanne zai shiga zagaye biyu ko uku kafin ya cije. Idan ya cije da wuri kada ka sa masa ƙarfin sufana, ka fito da shi ka nemi adafta. Motar da ke da agogon matsi mai allura kuwa sondinta take bukata, kamar na zafi. Sondin matsi yana da nauyi, idan aka rataya shi a kan doguwar mahaɗa, girgizar gazuwal da ta hanyoyin karkara za ta karya mahaɗar mai ya tsiyaye gaba ɗaya, don haka ka ɗaure shi a jikin mota ka ja masa tiyon matsi. Kafin ka yarda da fitila ko allura, ka ɗaura agogon hannu sau ɗaya inji na da zafi. Ƙa'idar makanikai ita ce a samu aƙalla kusan bar 0.7 ga kowane zagaye 1000 na inji.

6. Fitilar caji

Wannan fitila ba ado ba ce. A altanato irin na Bosch da Valeo, ɗan wutar da ke ratsa ƙwan zuwa D+ shi ke tayar da caji, saboda haka idan ƙwan ya mutu, ko an musanya shi da LED, altanato yana iya ƙin caji sai an taka totur sosai. Ka bar ƙwai na wat 2 ko 3, ko ka sa rezistans na om 68 mai wat 5 a gefen LED ɗin. Altanaton Denso da ke zuwa da injin Toyota yakan zo da ƙafa uku: L ta fitila, IG ta wutar makulli, S kuma ta batir. Idan yana da regilato, wato mai daidaita wutar caji, a cikinsa, ka cire tsohon regilaton da ke manne a jikin mota daga layin baki ɗaya. Inji na aiki, batir ya nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4, fitila kuma ta mutu sarai.

Motar da ke da agogon amfiya tana bukatar kulawa ta musamman, domin duk wutar caji ta bayan tablo take bi. An yi shi ne don dinamo mai ba da amfiya 30 ko kusa da haka, sabon altanato kuwa yana iya ba da ninki biyu, kuma nan gobara ke tashi. Ka ja kebur mai kauri daga altanato zuwa batir kai tsaye, ka sa agogon volt a madadinsa.

7. Agogon zagayen inji

Da yawa daga cikin 404 da 504 ba su da shi, mai irin wannan mota ya wuce gaba. A injin esans agogon yana ƙirga bugun bobin daga ƙafa ta 1. Inji mai silinda huɗu yana bugu biyu a kowane zagaye, mai shida yana uku, saboda haka agogon huɗu a kan injin shida zai nuna 3000 alhali inji na kan 2000. Wasu agogunan suna da maɓalli a baya mai lamba 4, 6, 8. Injin gazuwal ba shi da bobin, sai a ɗauki bugun daga ƙafar W ta altanato, idan babu ita mai gyaran altanato zai iya fito da waya daga ɗaya cikin naɗin ciki. Amma bugun W ya fi na bobin yawa nesa ba kusa ba. Altanato mai juyawa ninki biyu na inji yakan ba da kusan bugu 200 a sakan lokacin da inji ke kan 1000, inda bobin na inji mai silinda huɗu zai ba da 33, don haka ana bukatar agogon gazuwal mai sukurin saiti, ko ɗan akwatin da ke rage bugun.

8. Agogon gudu

Idan tsohon akwatin giya ya zauna, ba abin da ya canza. Idan an canza shi tare da inji, matsala biyu ce: kan kebur da lissafi. Kan kebur ana haɗa shi ne daga biyu, ɓangaren ƙasa na Toyota, na sama na tsohuwar mota, kuma a bi da shi ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, nesa da salansa. Lissafi kuwa, agogunan Japan an saita su a kan zagaye 637 a kilomita, yayin da da yawa daga cikin na Faransa suke neman 1000, kuma lambar takan kasance a rubuce a fuskar agogon ko a bayansa.

Ka kwance kebur daga bayan agogo, ka manna wa bakinsa ɗan kwali, ka auna mita 20 a shimfiɗaɗɗen fili, giya a sake, a tura mota kana ƙirga juyawar kwalin. Ka ninka abin da ka samu sau 50, shi ne zagayen da kebur ke yi a kilomita. Ba lalle ya zo 637 daidai ba, tunda ƙafar baya da tayoyin ba na Toyota ba ne. Idan ka samu 650 agogo kuma yana neman 1000, zai nuna 65 alhali kana kan 100, wanda haɗari ne. Ana gyarawa da canza ɗan giyan roba da ke cikin akwatin giya zuwa mai haƙora kaɗan, ko da ƙaramin akwatin musanya da ake sawa a tsakiyar kebur. Idan duka ba su samu ba, ka sa agogon GPS, ko aƙalla ka yi alama da fenti a gilashin agogon inda 50 da 80 na gaskiya suke.

9. Agogon tanki

Canza inji bai kamata ya taɓa shi ba. Idan ya mutu, mas ɗin tanki ne ko fiyus. Abin da za ka duba kawai shi ne bututun dawo da gazuwal da aka ƙara wa tanki, kada ya tokare hannun fulota, wato abin da ke yawo a saman man tanki yana auna yawansa. Kada ka fito da fulota batir na jone, musamman a tankin da ya taɓa ɗaukar esans.

10. Rufewa da gwajin hanya

Ka liƙe duk mahaɗar waya da dalma maimakon murɗawa da hannu, domin ƙurar hunturu da girgiza suna ƙara om a mahaɗar da ba ta kama ba, kuma ƴan om kaɗan sun isa su sauke allurar zafi. Inda waya ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da ɗaki ka sa mata roba, ko guntun tsohon tub. Ka lura cewa salansar sabon injin tana iya kasancewa a gefen da tsofaffin wayoyin suke bi.

Ka tayar da inji a tsaye, ka auna gidan kalosta da ma'aunin bindiga kana kallon allura har tiyon sama ya yi zafi, ka kunna manyan fitilu da fanka ka ga ko wata allura ta motsa. Idan ta motsa, koma mataki na biyu. Daga nan ka fita hanyar Tibiri ko ta Ɗan Isa da rana tsaka, wani na riƙe da waya yana karanta maka GPS a 40, 60 da 80, ka kuma kwatanta lambobin kilomita da duwatsun gefen hanya a tsawon kilomita 10. Da ka dawo, kafin inji ya huce, ka duba gindin sondin zafi da na mano ko akwai ɗigo, ka sake auna kulas, ka nuna wa mai motar wurin da allurar zafi ta zauna a wannan tafiya da kuma digirin da wurin yake nufi.